Nawa Yake Ci? Darasin Lissafin Da Ke Kwance A Gonakin Kadawa

Tsakanin 1971 da 1974, a zamanin mulkin Audu Bako, aka tare Kogin Kano a Tiga. An tsara madatsar ne don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2, shimfiɗe a kan fili mai murabba'in kilomita 178. Daga can ruwan yake gangarowa da ƙafarsa, ba inji ba famfo, ya bi babban kanal ya ratsa Ruwan Kanya, sannan ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure da Kura da Garun Malam. Wannan shi ne aikin noman rani na Kogin Kano, wanda jama'a suka fi sani da Kadawa. An zana kashinsa na farko a kan hekta 22,000, yana kuma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da aka kafa a 1976.

Tun daga bangon madatsar har zuwa ɗan tiyon da manomi ke zuƙo ruwa da shi daga magudana zuwa fangali, tambaya ɗaya ce ke riƙe da aikin: nawa yake ci? Tafkin nawa yake ci, kanal nawa yake ɗauka, gona nawa take sha. In kaka ta yi tambayar sai ta koma kasuwa, ta hau kan buhu da kwando da kwano.

Ita ce kuma tambayar da malamin lissafi ke rubutawa a allo a ƙaramar sakandare, a darasin auna girman cikin abubuwa masu tsawo da faɗi da zurfi. Sai dai a aji tana zuwa ne cikin Turanci, da zanen wani akwati da ba a san na wane ne ba, da haruffa uku da ake ninkawa. Yaro ya haddace, ya rubuta a jarrabawa, ya manta. Ranar Asabar kuwa yana gindin kanal da tiyo a hannu, yana taya mahaifinsa ban ruwa, bai taɓa kawowa a ransa cewa abin da ya bari a allo ne yake gudana ta tsakanin ƙafafunsa ba. A ganina babu wani yanki a Jihar Kano da wannan darasi ya kamata ya fi sauƙi a cikinsa kamar Kadawa, babu kuma inda rashin iya shi ya fi cin aljihun mutane.

Daga jarka zuwa hekta

Tushen darasin bai taka kara ya karya ba. Duk abin da gefunansa suka miƙe tsaye daga gindi zuwa baki, a auna filin gindinsa a ninka da tsayinsa, an sami abin da yake ci. In akwati ne, tsawo sau faɗi sau tsayi. Akwatin da ke da mita 1 ta kowane ɓangare shi ne kubik mita 1, yana cin lita 1,000, wato jarka 40 mai lita 25. Yaron da ya riƙe wannan magana ta jarka 40 ya riƙe rabin darasin, domin daga nan lambobin sun daina zama iska.

Gona ma akwati ce, sai dai marar zurfi. Hekta 1 murabba'in mita 10,000 ce. In aka sake mata ruwa ya kwanta zurfin santimita 5, abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, lissafin shi ne 10,000 sau 0.05, wato kubik mita 500. Lita 500,000 ke nan, jarka 20,000, a ban ruwa ɗaya tak. Manomin da ya buɗe ruwa ya tafi shan shayi ya dawo ya tarar ya kai santimita 10 ya ninka wannan adadi, kuma jarka 20,000 ɗin da ya ƙara daga rabon wani ya ɗebo su. Galibi wanin nan shi ne na can ƙarshen magudana, wanda kullum yake kukan ruwa bai iso shi ba. Rigimar na gaba da na baya tsohuwa ce a duk inda ake noman rani da kanal, kuma akan ɗauke ta rigimar son kai. Akwai son kai, amma akwai kuma rashin sanin girman abin da ake ɓarnatarwa. Ido yana raina santimita 5.

Da wannan hanya za a iya juya tafkin Tiga kansa. A raba kubik mita kusan biliyan 2 da murabba'in mita miliyan 178, za a ga matsakaicin zurfinsa in ya cika bai wuce mita 11 da 'yan kai ba. In rana da iskar hunturu suka ɗauke santimita 1 kacal daga samansa, kubik mita miliyan 1.78 sun tafi. Wannan ruwa kuma ba na Kadawa kaɗai ba ne. Matatar Tamburawa da ke shayar da birnin Kano daga Kogin Kano take ɗiba, mutanen Wudil da Haɗeja da fadamun Nguru su ma shi suke jira.

Duro da gwangwani

Duro, gwangwani, tankin ruwa, bututu, duk dangi ɗaya ne, wato silinda. Gindinsu da'ira ne, filin da'ira kuwa ana samun sa in aka ninka rabin faɗinta da kansa, aka sake ninkawa da 22 bisa 7. Ɗauki duron ƙarfe irin wanda ake turara shinkafa a ciki. In faɗin bakinsa santimita 56 ne, rabi 28 ke nan. 28 sau 28 sau 22 bisa 7 ya ba da 2,464. A ninka da tsayi, a ce santimita 85, a sami 209,440. A raba da 1,000, lita 209. Kowa a Kura ya san duro na cin lita 200 da ɗoriya, amma ɗalibi ya ga lambar ta fito daga alƙalaminsa, da igiyar awo a hannunsa, wannan wani abu ne daban. Daga ranar ya yarda cewa lissafi ba ya ƙarya.

Gwangwani ya fi duro haɗari duk da ƙanƙantarsa. A jikin kwalbar maganin feshi ana rubuta adadin da za a zuba da mililita, manomi kuwa sau da yawa gwangwanin madara ko murfin kwalba ne ma'auninsa. Gwangwanin da ke da faɗin santimita 6 da tsayin santimita 6 yana cin kusan mililita 170. Wanda ya ɗara shi da santimita 1 a faɗi, tsayi ɗaya, yana cin kusan 230. A ido 'yan uwan juna ne, a cikin injin feshi kuwa bambancin ya haura kashi ɗaya bisa uku. In magani ya yi yawa ya ƙona ganye ya kuma zauna a jikin tumatirin da za a ci. In ya yi kaɗan ƙwaro ya sha ya saba. Manoman yankin ba su manta da 2016 ba, shekarar da tsutsar tumatir da suke kira sharon ta share gonaki, har masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a wannan shekara, mai iya sarrafa tan 1,200 a rana, ta tsaya don rashin abin niƙawa. Gwangwani ba shi ya kawo sharon ba, amma ƙwaro irin wannan ba a yaƙarsa da awon kirdado.

Kanal da laka

Kanal ya ɗan bambanta, domin bakinsa ya fi gindinsa faɗi. Dabarar ita ce a haɗa faɗin sama da na ƙasa a raba biyu, a ninka da zurfin ruwa. Ƙaramar magudana mai faɗin mita 1.4 a saman ruwa, 0.6 a ƙasa, da zurfin mita 0.5, fuskarta rabin murabba'in mita ce. A jefa guntun kara a ruwa, a duba agogo: in ya yi tafiyar mita 10 cikin daƙiƙa 25, ruwan saman yana gudun mita 0.4 a daƙiƙa. Rabin murabba'in mita sau 0.4 ya ba da kubik mita 0.2, lita 200 a kowace daƙiƙa. Masu aikin ruwa sukan rage wajen kashi ɗaya bisa biyar, don ruwan ƙasa da na gefe ba ya gudu kamar na sama, sai a tsaya a kan lita 160. Da irin wannan magudana, in duk ruwanta aka juya wa hekta 1, santimita 5 ɗin nan zai kwanta cikin ƙasa da awa ɗaya.

Yanzu a bar laka ta taru a gindinta zurfin santimita 20. Hanyar ruwan ta ragu da kusan kashi 30 cikin 100, tun ba a sa kacalla da sauran ciyayin da ke riƙe gudun ruwa a lissafi ba. A kowace mita 100 ta magudanar akwai laka kubik mita 15, baro 250 ke nan in baro na ɗaukar lita 60. Shugaban ƙungiyar masu amfani da ruwa da ya iya wannan lissafi ya san mutum nawa zai gayyata aikin gayya, ya san kwana nawa za su yi, in kuma kwangila aka bayar ya san ko kuɗin da aka yanka ya dace da lakar da aka kwashe. Shirin TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa ya gyara kanal-kanal a wannan yanki, ya kuma ɗora wa ƙungiyoyin manoma nauyin kula da ƙananan magudanai. Nauyi ne da ke bukatar shebur, yana kuma bukatar alƙalami.

Kwando, inda kuɗin yake zurarewa

Wanda ya je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a tsakiyar kaka zai ga kwanduna jere iya ganinsa, ana lodin motocin da za su yi Kudu. Ciniki da kwando ake yi, kwando kuwa ba shi da tsayayyen girma. Masaƙi ne ke yanke shi, mai saye kuma ya san irin wanda yake so a saƙa masa.

Kwando siffar mazurari gare shi wanda aka datse wa tsini: baki buɗe, gindi matsattse. Lissafinsa ya ɗan fi na duro tsawo, amma ɗan babbar sakandare yana iya shi. A ninka rabin faɗin baki da kansa, a ninka rabin faɗin gindi da kansa, a ninka na baki da na gindi, a tara ukun, a ninka da 22 bisa 7, sannan a ninka da sulusin tsayi. Kwando mai bakin santimita 70, gindi 42, tsayi 45, yana cin lita 113. A buɗa bakin zuwa santimita 77, kada a taɓa gindi, kada a taɓa tsayi, ya koma lita 129. Santimita 7 a bakin kwando, wa zai lura da ita cikin hayaniyar kasuwa, rana na dukan mutum, tumatir na neman lalacewa? Amma abin da kwando 8 na farko zai ɗauka, kwando 7 na biyu ya kusa cinye shi. Manomin da ya kawo abin kwando 80 zai karɓi kuɗin 70, ya koma gida yana cewa bana gonar ba ta yi albarka ba.

Ba cewa nake duk dillali macuci ne ba. Shi ma yana da nasa lissafin na asarar hanya, domin tumatirin ƙasan kwando a matse yake isa Legas. Abin da nake cewa shi ne ɗaya daga cikin masu cinikin ya san girman ma'aunin, ɗayan bai sani ba. Akwatunan roba da ake ta kiran manoma su koma wa suna rage matsewar tumatir, wannan shi aka fi faɗa. Amfaninsu na biyu da ba a cika ambata ba shi ne girmansu ɗaya ne, ba a buɗa musu baki.

A wajen 'yan awo ma haka zancen yake. Ana cika kwano har ya yi tozo, mai saye na cewa, “Haba Alhaji, a ƙara gyara mana,” mai awo na cewa, “Hajiya, ai kin ga ya cika har yana zuba.” Tozon nan shi ma siffar mazurari ce a kife, girmansa kuma ya dogara ne da faɗin bakin kwano. Kwano biyu na iya cin abu ɗaya in an shafe su, amma mai faɗin baki ya fi ɗaukar tozo nesa ba kusa ba, domin tozon yana ƙaruwa ta faɗi ta kuma tsayi a lokaci guda. Shi ya sa gogaggen ɗan kasuwa ya san kwanon da yake saye da shi, ya san wanda yake sayarwa da shi. Na bubbuga gindin kwano a turo shi ciki kuwa, wannan tauye mudu ne tsagwaronsa, hukuncinsa ba a littafin lissafi yake ba.

Ko kankana ta isa misali. Mai faɗin santimita 20 tana da ciki na lita 4 da ɗan abu, mai faɗin 30 tana da lita 14. Faɗi ya ƙaru da rabi, ciki ya ninka sau uku har da ɗori. In faɗi ya ninka biyu, ciki sau 8 yake ninkawa. Wannan ƙa'ida ita ce ido ya fi kasa yarda da ita, ita ce kuma ya kamata a fi daɗewa a kanta a aji.

Tsibin shanshera da zakka

Bayan an casa shinkafa akan tara ta tsibi a masussuka kafin a zuba a buhu, wani lokaci ma a nan ake fara taya ta. Tsibi mazurari ne a kife, abin da yake ci kuwa sulusin abin da duro mai gindi da tsayi irin nasa zai ci. A zagaya gindinsa da igiya: in kewayen mita 13.2 ne, rabin faɗinsa mita 2.1 ke nan, filin gindin murabba'in mita 13.86. In tsayinsa mita 1.5 ne, a ninka a raba uku, a sami kubik mita 6.93, kusan lita 7,000. In buhun da ake amfani da shi yana cin bokiti 7 mai lita 20, tsibin nan buhu 50 ne ko ya gaza da kaɗan. Wanda ya san haka tun kafin mai saye ya iso ba a yi masa tayin wulaƙanci. Dalar gyaɗar da Kano ta yi suna da ita a da, ita ma wannan ƙa'idar sulusi ce ke kanta, sai dai gindinta mai kusurwa huɗu ne.

Akwai kuma wani dalili da ya sa bai kamata iyaye su ɗauki wannan darasi kayan boko zalla ba. Zakkar hatsi da awo aka ƙayyade ta tun asali. Nisabinta wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Annabi 4, kamar yadda ɗaliban Risala suka sani. Sa'i 300 ke nan, mudu 1,200. Zakkar fidda-kai ma sa'i ne a kan kowane mutum. Duka ma'aunai ne na abin da ƙwarya ke ci, kuma wanda zai mayar da su zuwa kwanon kasuwar yau ko buhun yau, dole ya bi ta wannan lissafi.

Malaman da suka gabata ba su raba shi da sauran ilimi ba. Littafin aljabara da Alkhawarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekara ta 820 yana da babi na awon fili da na jiki, har da yadda ake lissafa dalar da aka datse wa kai. Tun kafin shi, wani rubutun Misira da aka yi kusan shekara 1850 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda yanzu yake ajiye a Mosko, ya warware irin wannan tambaya: dala mai gindi 4, sama 2, tsayi 6, amsa 56. Lissafin kwandon Kwanar Gafan ɗan uwan wannan ne, bambancin kawai kwando zagayayye ne.

Abin da ya rage wa aji

Ba a bukatar ɗakin gwaji don koyar da wannan. Malami ya sa yara su naɗe kwali su yi mazurari mai baki da tsayi daidai da wani gwangwani, su cika shi da yashi su juye a gwangwanin. Na farko ya tsaya a ƙasa, na biyu ya haura rabi, na uku ya cika shi fal. Ajin da ya ga haka da idonsa ba zai ƙara tambayar daga ina ɗaya bisa uku ta fito ba, ba kuma zai manta da ita a zauren WAEC ko NECO ba. Kayan aikin duka gwangwani ne da kwali da yashi da igiyar awo irin ta tela. Mako na gaba a shigo da kwanduna biyu daga kasuwa. Na gaba da shi a fita bakin magudana da kara da agogon waya, malami na gaba, an kuma ja wa yara kunne kada kowa ya matsa kusa da babban kanal, don yana cin mutane.

Na san abin da malamai za su ce, kuma suna da gaskiya: aji ya cika maƙil, manhaja na da tsawo, lokacin darasi gajere ne, mai duba makarantu kuma littafin shiri yake tambaya. Amma darasin da aka yi da yashi sau ɗaya ya fi wanda aka maimaita a allo sau biyar saurin zama, don haka ko ta fuskar lokaci riba ce. Ba laifi ba ne kuma malami ya yi bayanin da Hausa har yaro ya gane, sannan ya ba shi kalmomin Turancin da zai tarar a takardar jarrabawa. Inda ake kuskure shi ne a ba shi kalmomin a hana shi ganewar.

Kano ba baƙuwar irin wannan yunƙuri ba ce. A 1977 ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, waɗanda suka yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa. A 2024 gwamnatin jihar ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. A Kadawa kuma akwai tashar binciken noman rani ta Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga ma'aikatan Hukumar Haɗeja da Jama'are da aikinsu ke nan auna ruwa. Masu ilimin suna nan, yaran suna nan, tsakaninsu tafiyar babur ce.

Kira a nan ga sakatarorin ilimi na Kura da Bunkure da Garun Malam, da shugabannin makarantun yankin: a ware rana ɗaya a kowane zango a kai 'yan ƙaramar sakandare bakin magudana, a gayyato ma'aikacin ruwa ya auna a gabansu, su ma su auna. Ku kuma iyaye, in yaro ya dawo daga makaranta, ku miƙa masa igiyar awo da kwandon da za ku kai kasuwa gobe, ku ce ya faɗa muku nawa yake ci.